Yadda ake haɗa ƙasar renon gazon a Maradi

Karo na farko da na yi niyyar shimfiɗa gazon, wato koriyar ciyawar ado da ake rufe fili da ita, a tsakar gidana, wani mai amalanke ne ya kawo mini abin da ya kira baƙar ƙasa. Baƙa ce kam, wuluk. Na biya shi ban ko taya ba, na baza ta, na watsa iri mai tsada da aka aiko mini daga Yamai, na shiga ban ruwa safe da yamma. Kwana goma wuri ya yi kore shar, har ina kiran yara su zo su gani. Sai da wani dattijo mai garka a unguwarmu ya leƙo, ya durƙusa ya tuge ɗaya, ya murza saiwar ya shinshina, ya ce, "Ɗana, ai jiji ne kake wa ban ruwa." Ashe ƙasar juji aka kwaso mini. Da muka tona, ga ƴaƴan jiji, ga ƙarangiya, ga fasassun kwalabe, har da ruɓaɓɓen batir. Irin da na saya kuwa ko ƙwara ɗaya ba ta kai labari ba.

Tun daga nan na daina watsa iri kai tsaye a fili. Sai na yi reno a ɗan ƙaramin wuri, a ƙasar da na haɗa da hannuna, in ciyawa ta yi ƙarfi sannan in dasa. Irin gazon ƙanana ne ƙwarai, bai kai ƙwayar riɗi ba, abincin da ke cikinsa kaɗan ne. Duk abin da zai zama a makonni uku na farko, ƙasar da ya faɗa ce ke yanke masa. Abu biyu ake nema ga wannan ƙasa, kuma kishiyoyi ne: ta riƙe ruwa daga safe zuwa la'asar, ta kuma bar iska ta shiga wurin saiwa. Jigawa tana da iska, ba ta riƙe ruwa. Laka tana riƙe ruwa, tana shaƙe saiwa. Aikin duka sulhu ne tsakanin waɗannan biyun.

Fara da sanin ciyawar da za ka rena

A zafinmu na Afrilu da Mayu, inda ake haura digiri 40, ciyawar da ta fi jurewa ita ce kiri-kiri, wadda masu sayar da iri ke rubuta wa Cynodon ko Bermuda a jikin fakiti. Tana son rana, tana jure fari da taku, tana yaɗo ta rufe fili. Ba ta son inuwa, don haka in gindin mangwaro ko bedi kake son rufewa, nemi mai faɗin ganye da ake kira Stenotaphrum, ita da yanka ake dasa ta. Fakitin da aka haɗa don lambunan Faransa, mai ɗauke da irin ciyawar ƙasashen sanyi, zai tsiro maka da kyau a Disamba, ya ƙone ƙurmus kafin damina ta sauka. Duba sunan da ke bayan fakiti kafin ka ba da kuɗi. Haɗin da zan bayar nan gaba na kiri-kiri ne, ko da iri ko da yanka.

Duba ƙasar gidanka

Tun bayan ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi garin daga kwarin gulbi aka mayar da shi tudu, yawancin gidajen Maradi a kan jigawa suke. Rairayi ne mai laushi, ruwa na wuce shi nan da nan, ruɓaɓɓen ganye kusan babu a cikinsa, sinadarin fosfor da saiwa ke buƙata ya yi ƙaranci, kuma yakan ɗan yi tsami. Wanda gidansa ya gangara wajen gulbi kuwa yana iya samun ƙasa mai nauyi. Kada ka yi ƙiyasi da ido, gwada.

Samu kwalba mai haske mai murfi. Tona zurfin taƙi ɗaya, ɗebo ƙasa ka zuba har kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ka cika da ruwa, ka sa ɗan garin sabulu kaɗan, ka girgiza sosai, ka ajiye. Cikin minti ɗaya rairayi zai kwanta, sa alama. Bayan awa biyu garin ƙasa mai laushi zai kwanta a kansa. Laka ita ce ta ƙarshe, sai ta kwana ɗaya ko biyu. A gidana rairayi ne ya cinye kusan duka, laka ba ta fi kaurin farce ba.

Amfanin wannan gwaji shi ne, ƙasar reno ba a so ta yi nisa da ƙasar da za a dasa ciyawar a cikinta. In ka reni ciyawa a zallar taki mai laushi ka kai ta jigawa, saiwar sai ta nannaɗe a cikin ɗan dunƙulen da ta zo da shi, ta ƙi fita. Shi ya sa rabin haɗina ƙasar gida ce.

Tara kayan haɗi

Kaya huɗu ne: jigawa, ƙasar fadama, taki, da wani abu mara nauyi mai buɗe ƙasa.

Jigawa ba ta da wahala. Share saman wurin ka zubar, domin nan ne ƴaƴan ciyawa ke taruwa, ka ɗebi na ƙasa. Ka guji wurin da aka kwaɓa siminti ko ake zubar da ruwan wanki. In kana da gona mai gawo, ƙasar gindinsa ta fi ta fili, saboda ganyen da yake zubarwa da damina da kashin dabbobin da ke hutawa a inuwarsa da rani.

Ƙasar fadama ita ce mai riƙe ruwa. Masu amalanke na kawo ta daga kwarin Gulbin Maradi, wajen Tarna da Jiratawa. In da hali bi su ka ga inda za a tona. Ta saman garka ake so, mai marmashi, wadda in ka jiƙa ka murza takan yi ɗan danƙo amma ta karye. Lakar ƙasan tabki da ake buga tubali da ita ba ta reno, in ta bushe sai ta yi ɓawo kamar kasko, tsiro ba ya iya huda ta. Wadda ka ga farin gari ya fito a samanta kamar an barbaɗa kanwa, bar ta a inda take, gishiri ne. In fadama ta yi maka nisa, tsohon suri da gara ta tashi daga cikinsa yana maye gurbi, a daka shi ya yi laushi, amma a rage yawan, don ya fi danƙo.

Taki ne wurin da mutane suka fi faɗuwa, ni ma na faɗi a nan karo na biyu. Kashin shanu da na awaki da tumaki duk suna yi, in sun ruɓe. Busasshe daban, ruɓaɓɓe daban. Kashin da ya shekara a turke yana shan rana ya bushe ne kawai. Ranar da ya ji ruwa a cikin kwaminka ranar zai fara aiki, ya ɗauki zafi, ya fitar da wari mai hawa ido, ya ƙone ƴan tsiron, sannan duk ƴaƴan ciyawar da dabba ta ci su tashi. Sai ka ruɓar da shi da kanka. Tara shi a inuwa ko a rami, tsayin gwiwa ko fiye, ka jiƙa shi ya yi damshi ba caɓi ba, ka rufe da tsohuwar zana ko buhu. Bayan kwana uku cusa hannu ciki, za ka ji zafi, alamar aiki ya kama. Duk mako biyu ka juya shi, na waje ya koma ciki, ka yayyafa ruwa. Wata biyu zuwa uku yakan nuna. Yadda za ka gane: zafi ya sauka, launi ya koma baƙi-baƙi, ba ka iya bambance kashin akuya a ciki, kuma ƙanshinsa kamar na ƙasa in an yi ruwan farko. In ka ci karo da gwazarma a ciki, tsince ta ka jefa wa kaji.

Kashin kaji ya fi kowane ƙarfi. Ban sa shi a ƙasar reno ko kaɗan, sai dai in gauraya ɗan kaɗan cikin tarin takin tun farko su ruɓe tare. Na gidan kajin zamani ma yakan zo da garin katako da yawa, ga shi da gishiri.

Abu na huɗu shi ne mai hana haɗin danƙarewa. A nan Maradi Allah ya ba mu shi a banza: ɓawon gujiya, ƙaiƙayin gero, ɓuntun shinkafa. Sai dai ɗanyensu na da aibi biyu. Na farko gara na bin su, in ta shigo kuwa har saiwa take ci. Na biyu, ƙwayoyin da ke ruɓar da su suna janye sinadarin azot, mai sa ganye ya yi kore, daga ƙasa, sai ka ga tsiro ya yi ɗorawa-ɗorawa alhali ka sa taki. Garin katako na masassaƙa ya fi su wannan hali. Maganin shi ne a babbaka su su zama gawayi. Samu tsohon gwangwani babba ka huhhuda shi, ka kafa masa bututun ƙarfe a sama, ka hura wuta a ciki, ka tara ɓawon kewaye da shi. Zai riƙa ci a hankali yana baƙi daga ciki zuwa waje. Ka riƙa juyawa da felu. Da ka ga duka ya yi baƙi, janye gwangwanin, ka baza, ka kashe da ruwa nan take. In ka yi sakaci ya zama toka, aikin ya lalace. Gawayin nan ba ya ruɓewa da wuri, gara ba ta damu da shi ba, yana riƙe damshi, yana kuma rage tsamin jigawa. Garin gawayi da ke taruwa ƙarƙashin buhun masu sayarwa ma yana yi.

Akwai ƙasar reno ta buhu da ake shigowa da ita daga Turai, da ɓawon kwakwa da ake matsewa kamar bulo. Suna aiki, ba musu. Amma ta buhun in ta bushe sau ɗaya a iskar hunturu sai ta ƙi shan ruwa, ka zuba ya gangare ta gefe. Ɓawon kwakwa kuma wani yana zuwa da gishiri, sai an jiƙa an tsiyaye sau biyu ko uku. Ga mai ƴan tire biyu ba laifi. Ga mai son rufe tsakar gida, kuɗin sun yi yawa.

Tankaɗe da aunawa

Kowane kaya a tankaɗe shi daban, yana bushe. Buga wayar raga mai ido kamar na rabin santimita a jikin katako huɗu, ka jingina ta, ka riƙa watsa kaya da felu. Nan za ka kama ƴaƴan jiji, tsakuwa, leda da guntun kara. Kada ka raina wannan mataki, ƙwayar jiji ɗaya tak ta isa ta cika kwami.

Da bokiti ake awo, ba da sikeli ba. A bokiti goma, ni ina sa biyar na jigawa, biyu na ƙasar fadama, biyu na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na gawayin ɓawo. Wanda gwajin kwalbarsa ya nuna laka da yawa ya bar fadama gaba ɗaya, ya sa biyar na ƙasar gida, biyu na rairayin gulbi mai tsakuwa-tsakuwa irin na magina. Wanda zai yi reno a tire ko a leda, inda ƙasa ba ta da zurfi kuma tana saurin bushewa, ya rage jigawa zuwa huɗu ya ƙara gawayi ya zama biyu. Taki dai kada ya wuce uku cikin goma, komai kyansa. Yawansa na kawo ruɓewar gindin tsiro.

Lissafin yawa mai sauƙi ne. Kwami mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, zurfin santimita 10, yana cin lita 100, wato jarka biyar mai lita 20. In ciyawar ta rufe shi ka yanka ta santimita 5 kowane gefe, za ka samu yanka 400. In ka dasa su da tazarar santimita 20, murabba'in mita ɗaya zai ci 25, ke nan kwami ɗaya ya ishi murabba'in mita 16. Auna filinka ka raba, ka san buruweti nawa za ka haɗa.

Zuba su a kan siminti ko tamfol, ka juya da felu sau uku har launi ya zama ɗaya. A kowace lita 100 barbaɗa takin zamani NPK 15-15-15 cikin kwalin ashana ɗaya, a dake. Saboda fosfor ake sa shi. Takin ure ba shi da wuri a nan, yana ƙone tsiro.

Gwaji kafin shuka

Yayyafa wa haɗin ruwa, ka damƙi cikin hannu ka matse. In ka buɗe hannu ya tsaya dunƙule, ka taɓa da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya zube tun kafin ka taɓa, ƙara fadama. In ya ɗauki zanen tafin hannunka yana sheƙi kamar an tuƙa tuwo, laka ta yi yawa, ƙara rairayi.

Sai gwajin gwangwani. Huda gindin babban gwangwanin tumatir, ka cika shi da haɗin, ka zuba kofin ruwa. In ruwa ya tsaya a sama ya fi minti biyu, ƙasar ta toshe. In ya shige, ajiye gwangwanin a inda kwamin zai kasance, ka dawo da la'asar ka cusa yatsa. Kana so ka ji sanyin damshi a gaɓa ta farko.

Na uku shi ne wanda na fi yarda da shi, sai an gwada akan san na ƙwarai. Yi haɗi iri uku a roba uku, ɗaya yadda na faɗa, ɗaya mai ƙarin fadama, ɗaya mai ƙarin gawayi, ka rubuta a jiki. Shuka gero ƙwara ashirin a kowace. Gero na fitowa cikin kwana uku ko huɗu, kuma ba ya ɓoye laifin ƙasa. Inda bakin ganye ya ƙone, taki bai nuna ba ko akwai gishiri. Inda ƙasa ta yi ɓawo tsiro ya lanƙwashe a ƙarƙashi, laka ce. Bayan kwana goma tuge su ka duba saiwa, wadda ta fi fari da yawan gashi ita ce haɗinka. Ƙasar fadamar da aka kawo maka bana ba lallai ta zama irin ta bara ba, don haka duk shekara nake maimaitawa.

Kashe ƴaƴan ciyawa

Zafin bazara da muke kuka da shi, a nan yana da rana. Baza haɗin kaurin santimita 10 zuwa 15 a wurin da rana ke duka yini, ka jiƙa shi sosai, ka rufe da farar leda mai haske, ka binne gefunanta da ƙasa kada iska ta shiga. Mai haske ta fi baƙa tara zafi. Bar shi mako huɗu zuwa shida a Afrilu da Mayu. Yawancin ƴaƴan ciyawa da tsutsar saiwa da cutar ruɓa za su mutu. In lokaci ya ƙure maka, jiƙa haɗin kwana goma sha huɗu ba tare da shuka ba, duk abin da ya tsiro ka cire, sannan ka shuka ba tare da ka sake juya ƙasar ba.

In ka bi kalanda, tarin taki ya fara a Janairu, leda a Afrilu, shuka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, dashe a Yuli zuwa Agusta, lokacin da sama za ta ɗauke maka kuɗin famfo. A sanyin Disamba da Janairu kiri-kiri ba ta son tsirowa, kada ka ɓata iri.

Cika kwami da shuka

Shimfiɗa tsohon buhun taki da ka huhhuda a ƙasan kwamin. Yana hana saiwa nutsewa cikin ƙasar gida, ranar yanka sai ciyawar ta ɗago kamar tabarma. Kewaye da bulo, ka zuba haɗin, ka daidaita da katako, ka danna kaɗan da tafin hannu. Jiƙa shi da dare, washegari ka yi shuka.

Irin kiri-kiri gram 5 zuwa 10 ya ishi murabba'in mita, kusan cokalin shayi biyu. Gauraya shi da busasshen rairayi cikin kofi, ka watsa rabi daga gabas zuwa yamma, rabi daga kudu zuwa arewa. Ka barbaɗa tankaɗaɗɗen haɗi a kai, kaurin da bai wuce na kwali ba. In ka binne shi da zurfi ba zai fito ba. Danna da katako don iri ya manne da ƙasa. Tururuwa na kwashe shi cikin dare ɗaya, don haka zagaya kwamin da toka ta waje, ka kuma nemi raminsu tun kafin shuka. Kafa rumfar zana mai ɗan tsayi ta tare ranar tsaka da dukan ruwan sama.

Ban ruwa da arozuwar, wato butar ban ruwa, mai ƙananan huda, kaɗan-kaɗan, sau uku a yini har ya tsiro, tsakanin mako ɗaya zuwa biyu. Saman ƙasa kada ya bushe ko sau ɗaya a wannan lokaci. Tiyo kuwa ajiye shi, yana tara iri gefe guda.

Mai dasa yanka aikinsa ya fi sauƙi, kuma ƙasarsa na iya fin wannan rairayi. Yanke yaɗon kiri-kiri mai gaɓa uku, ka wanke ƙasar da ya zo da ita, ka binne gaɓa biyu ka bar ɗaya a waje, tazarar yatsa huɗu.

Abin da tsiro ke gaya maka

Ganye mai ɗorawa-ɗorawa bayan mako uku yunwa ce. Narka NPK kwalin ashana ɗaya a arozuwar mai lita 10, ka raba wa murabba'in mita biyu da yamma, ka bi da ruwa zalla ka wanke ganyen. Ganye mai ja-ja ko shuɗi-shuɗi da ya ƙi girma, fosfor ne ya gaza. Tsiron da ke faɗuwa daga gindi, wuri-wuri kamar an zuba ruwan zafi, ruwa ya yi yawa ko taki: rage ban ruwa, ɗaga rumfa, ka barbaɗa busasshen rairayi. Gansakuka a saman ƙasa ma maganarsu ɗaya. Duk abin da ka gani rubuta shi, shi zai gyara maka awon haɗi na gaba.

In ciyawa ta kai tsawon yatsa, rage mata kai da almakashi, kashi ɗaya cikin uku kawai, nan ne za ta fara yaɗo. Mako shida zuwa takwas takan saƙa ƙasar da saiwa. Saura mako ɗaya dashe, cire rumfa ka rage ruwa ta saba da rana. Ranar dashe jiƙa kwamin da safe, da la'asar sakaliya ka sa wuƙa ka yanka shi murabba'i-murabba'i kamar mai yanka awara. Ɗaga ɗaya ka duba: in ƙasar ta biyo saiwa ba ta zube ba, ci gaba. In ta zube, mayar da shi ka ƙara masa mako guda. Kowane rami a fili ka jefa masa cikin hannu ɗaya na ragowar haɗin, ka sa yankan daidai da fuskar ƙasa, ka taka da dunduniya, ka ba shi ruwa kafin magariba.